Titin da Aka Gina Don Ya Kewaye Kaduna, Yau Shi Ne Ke Ratsa Unguwanninta

Duk motar da ta taso daga Abuja za ta Zariya, ko Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, matuƙar ta biyo babbar hanya, ba ta da makawa sai ta iso Kaduna. Idan kuwa tirela ce ko tanka, hanyar da aka tanadar mata ita ce titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa a garin nan yake kira baifas. Tsawonsa bai wuce kimanin kilomita 21 ba, amma a kan wannan ɗan tsakanin ake ɗora nauyin shanu da hatsi da albasa da tumatir da ke gangarawa kudu, da man fetur da siminti da taki da kwantenonin Legas da ke haurowa arewa, har da kayan da za su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. A gefen wannan titin kuma talakawa masu ɗimbin yawa suke kwana suke tashi, kuma su ne suke biyan kuɗin wannan zirga-zirga da lokacinsu da lafiyarsu da rayukan 'ya'yansu. Wannan shi ne abin da ya ishe ni, kuma na san ya ishi duk wanda yake tsallaka titin nan kullum.

Wanda bai san garin ba, ga yadda hanyar take. Idan matafiyi ya wuce Kakau da Gonin Gora ya shigo bakin gari ta kudu, sai titin ya karkata yamma, ya bi ta Tirkaniya da wajen Nasarawa da Kudenda inda masana'antu suke, ya haye kogin Kaduna, ya faɗa Kabala West da Unguwar Mu'azu, ya wuce mahaɗar Bakin Ruwa wadda ita ce babbar ƙofar shiga Rigasa, ya bi ta gefen Unguwar Sanusi da Badikko da Kurmin Mashi, ya iso shataletalen Mando inda hanyar Birnin Gwari da ta filin jirgin sama suke rabuwa, sannan ya ƙare a Kawo ya miƙa motoci ga hanyar Zariya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da yake daji a yau. Dukkansu unguwanni ne cike da makarantu da masallatai da majami'u da kasuwanni da garejin kanikawa, kuma ƙofofin wasu shagunan 'yan taku kaɗan ne tsakaninsu da inda tayar tirela take bi.

Waɗanda suka yi tunanin gina titin nan tun farko ba su yi kuskure ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya girma ne a tsaye, daga arewa zuwa kudu, kogi ya raba shi biyu, kuma kusan kowa yana dogara da tsohuwar gada da titin da ake kira Ahmadu Bello a yanzu. Da aka kafa masaƙar farko a Kakuri a 1957, aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980, sai manyan motoci suka yi wa tsakiyar gari yawa, ya zama dole a fitar da su ta bayan gari. A wancan lokacin mafi yawan abin da ke yammacin titin gonaki ne da ƙananan ƙauyuka. Daga baya aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a 1991, hanyar Abuja zuwa Kano ta zama tagwaye, motoci suka ninka. Rikice-rikicen 2000 da 2002 suka sa mutane da yawa suka sauya unguwa, Rigasa da maƙwabtanta suka tumbatsa, sannan waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu suka ƙaru a kai, aka kuma buɗe tashar jirgin ƙasa a Rigasa a 2016. Duk wannan ya faru ne a gaban idon hukuma, shekara bayan shekara, ana yanka filaye ana gini har bakin kwalta, kuma babu wanda ya tsaya ya ce titin da aka tsara don gudun manyan motoci ba zai iya zama titin unguwa ba sai an sake masa fasali.

Sakamakon wannan sakaci ana ganinsa kowace safiya. Yaro ɗan firamare yana tsaye a bakin titi riƙe da hannun ƙanwarsa, yana jiran a samu tazara tsakanin tanka da tirela domin su ruga zuwa tsakiya, su sake jira, su sake rugawa. Mace mai juna biyu da za ta awo, da dattijon da gwiwarsa ta daina ɗaukarsa da sauri, da mai turin baro da ya ɗauko kayan wani, duk haka suke yi. Babu ƙaramin titi a gefe wanda zai raba Keke da babur da motocin cikin gari daga masu wucewa, saboda haka mai Keke da zai sauke fasinja yana tsayawa ne a layi ɗaya da motar da ta ɗauko buhun siminti ɗaruruwa. Wuraren tsallakawa na aminci sun yi kaɗan ƙwarai idan aka auna su da yawan jama'a da tsawon titin, kuma da dare akwai wuraren da hasken da ake gani kawai shi ne na fitilun motocin da ke tahowa. Idan birki ya ƙwace wa direba a irin wannan wuri, ba shi da inda zai karkatar da motar face kan mutane.

Na tsaya a sahun jana'izar wanda mota ta take a kan titin nan, kuma na ji abin da ake faɗa wa iyalan mamaci, cewa kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja da wannan. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke wanda aka ba amana ya yi wasa da ita ba, kuma ina jin zafin yadda ake fakewa da haƙurin talaka domin a rufe maganar. Mafi ciwo shi ne jin wasu suna ɗora laifin a kan masu tsallakawa, wai ba sa duba hanya, wai iyaye ba sa kula da 'ya'yansu. Mutumin da gidansa ke wannan gefe, makarantar ɗansa da kasuwarsa da asibitinsa suke wancan gefe, ta ina ake so ya bi? Idan matasa suka fusata suka tare hanya bayan wani haɗari, nan da nan za a ga jami'ai sun iso, a yi alkawari, a buɗe hanya, kowa ya watse. Tare hanya ba daidai ba ne, domin yana cutar da matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, amma abin kunya ne a ce sai ta wannan hanyar ake jin kukan mutane.

An ce ana gyara, kuma gaskiya ne an yi aiki. A ƙarƙashin tsarin da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu a farkon 2019, wanda ya ba wa manyan kamfanoni damar gina hanyoyi a madadin harajin da za su biya, aka shigar da titin nan domin a sake shi da kankare, wanda ya fi kwalta jure nauyi. Ban raina wannan ba, domin ramukan da suka riga suka cinye titin sun kayar da tireloli ba adadi. Sai dai yadda aka tafiyar da aikin ya ƙara wa mazauna wahala ta tsawon shekaru: a rufe hannu ɗaya, a haɗa masu zuwa da masu dawowa a ɗayan, ƙura ta cika shaguna da ɗakunan kwana, mai tsallakawa ya duba inda ya saba dubawa mota ta fito masa ta inda bai zata ba. Inda aka gama shimfiɗa kankaren kuma, gudu ya ƙaru. An gyara wa tayar mota hanya, an bar ƙafar mutum yadda take.

Duk wannan da sauƙi da a ce babu mafitar da aka riga aka sani. Mafitar tana nan, an zana ta, an ba da kwangilarta, an kashe mata kuɗin jama'a, kuma ita ce baifas ta gabas. A 2002, zamanin Obasanjo, aka ba da aikin wannan hanya mai tsawon kusan kilomita 50 a kan kuɗi kimanin naira biliyan 16, domin ta rabu da hanyar Abuja daga wajen Kakau, ta zaga ta gabashin gari, ta yanke hanyar Kachiya, ta haye kogi, ta haɗu da hanyar Zariya a arewa da Kawo, yadda direban da ba shi da abin yi a cikin Kaduna ba zai ga ko rufin gidajenta ba. Obasanjo ya sauka, 'Yar'aduwa ya zo ya rasu, Jonathan ya yi nasa, Buhari ya yi shekara 8, Tinubu ya hau. A 2017 aka sake duba kuɗin aikin ya ninka fiye da sau biyu, aka kuma saka hanyar cikin hanyoyi 25 da aka raba wa naira biliyan 100 na sukuk ɗin farko, wato bashin da gwamnati ta karɓa ta hanyar takardun lamuni marasa kuɗin ruwa. Yaron da aka haifa a shekarar da aka ba da kwangilar ya isa aure yanzu, amma tirelolin da aka ce za a kawar suna nan suna bi ta Bakin Ruwa.

Kada wani ya ce aikin ne ya fi ƙarfin ƙasa. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an fara shi a 2011 aka buɗe shi a 2016. Gadar Kawo an rushe tsohuwar aka gina sabuwa aka buɗe ta a farkon 2022, cikin 'yan shekaru kaɗan. Idan ana son abu a ƙasar nan ana yin sa. Abin da ya kashe hanyar gabas shi ne yadda ake yayyafa mata kuɗi a kasafin kowace shekara, abin da ba zai kai ko'ina ba, a tara ƙasa a daddaɓe, damina ta zo ta wanke, farashin siminti da ƙarfe da man dizal ya tashi, a koma teburi a sake lissafi, a biya kuɗin abin da aka riga aka biya. Kuma ina da yaƙinin cewa da manyan ƙasar nan ne suke tsallaka titin yamma da ƙafa, ko da 'ya'yansu ne, da tuni an gama. Su jirgi suke hawa, in kuwa sun biyo ƙasa jiniya ce take share musu hanya.

Direbobin manyan motoci ma ba jin daɗin bi ta cikin jama'a suke yi ba. Mutumin da ya kwana biyu a hanya daga Legas, ga gajiya ga nauyi, babu abin da yake so kamar buɗaɗɗiyar hanyar da ba yaro ba Keke. Wannan bai wanke masu gudun ganganci ba, ko masu sakar wa yaran mota sitiyari, ko masu motocin da suka san birkinsu ya lalace suka tura su hanya. Haka nan mu mazauna muna da namu, daga mai kasa kaya a kafaɗar titi zuwa mai babur da ke bin hannun da ba nasa ba domin ya guje wa zagaye. Amma hana irin wannan aikin hukuma ne, kuma hukumar da ke karɓar kuɗin shiga daga mai rumfa a bakin titi ba ta da bakin cewa ba ta san da zamansa ba.

Akwai kuma abin da ke ƙara tayar mini da hankali, wato tun ba a gama hanyar gabas ba gari ya fara bin ta. Ana yanka filaye ana sayarwa a kusa da ita, dillalai suna tallata su da cewa suna bakin sabuwar hanya, gidaje suna tashi. Idan ba a shata iyakar da ba a gini a gefenta yanzu ba, aka kuma tsare ta da gaske, ranar da za a buɗe ta za a tarar ta riga ta zama abin da ta yamma ta zama, a sake wannan kukan a wasu unguwannin.

'Yan majalisar da muka zaɓa daga Igabi da Chikun da Kaduna ta Arewa da ta Kudu, da sanatocinmu, da gwamnatin jiha, ba za su ci gaba da cewa hanyar tarayya ce su kama bakinsu ba, domin waɗanda ake binnewa mutanen mazaɓunsu ne. Muna so a fito a faɗa wa jama'a nawa aka kashe a hanyar gabas tun 2002, kilomita nawa suka rage, kuma a wace shekara da wane wata za a buɗe ta, a sa cikakken kuɗinta a kasafi guda maimakon yayyafi. Kafin wannan ranar ta zo, a gina gadojin ƙafa a inda mutane suke tsallakawa da gaske, a Bakin Ruwa da Unguwar Mu'azu da Kabala West da Kurmin Mashi, a sa fitilu masu aiki, a kuma tsayar da manyan motoci a wajen gari a sa'o'in da yara suke tafiya makaranta da lokacin da suke dawowa.