Karkanda, waya da maganar amana

Duk sanda aka ɗauko zancen kare karkanda a nan Sakkwato, sai wani ya ce, "Malam, mutane na kwana da yunwa, kai kana kukan naman daji?" Da gaskiyarsa, amma ku ɗan saurara.

Baƙar karkanda ta yammacin Afirka a arewacin Kamaru ta yi zamanta na ƙarshe, maƙwabtanmu ke nan. An bincika daji a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare. A Afirka ta Kudu kuwa, mafarauta sun kashe karkanda 1,215 a 2014 kaɗai. Duk don ƙahon da ake kaiwa Biyetnam da Sin a matsayin magani, alhali sinadarinsa ɗaya ne da na farcen hannunka!

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu kare ta suka koyi roƙo da waya. A 2017, gandun Ol Pejeta na Kenya ya buɗe wa Sudan, namiji na ƙarshe cikin farar karkanda ta arewa, shafi a manhajar neman masoya ta Tinder, don a tara kuɗin binciken haihuwa. Duniya ta yi dariya, ta kuma san da shi. Ya mutu a Maris 2018, ya bar 'yarsa Najin da jikarsa Fatu.

Mu ai ba sai an koya mana wannan ba. Hoton mara lafiya ya shiga zauren WhatsApp da safe, da lambar asusu a ƙasa, kafin la'asar alat ya fara shigowa daga Legas da Makka. Inda muke faɗuwa shi ne bayan an tara. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Ba rasit, ba bayani, gobe kuma a zo ana mamakin hannun mutane ya yi nauyi.

Don haka in wata ƙungiya ta nemi gudummawata, ko don karkanda, ko giwayen Yankari, ko raƙuman dawa na Kure a Nijar, ba hoton dabba nake son gani ba. A nuna mini albashin mai gadin daji da takalminsa, da abin da aka ba manomin da giwa ta tattake wa gero. Wayar da ta karɓi kuɗin ai tana iya ɗaukar hoton rasit.