Hula mai lamba 35

Saura wata biyu ɗaurin auren ƙanena a Agege, nan Legas, na ƙudura sai na sa sabuwar hula, ɗinkin hannu, ba ta inji ba. Aka haɗa ni da wani maɗinki a Kano. Muna gama gaisawa a waya ya ce, "Alhaji, lamba nawa kake sawa?" Ni kuwa tunda nake, gwadawa nake yi wurin masu hula har wata ta zauna. Lamba ban taɓa riƙewa ba.

Gidan babu tef ɗin tela, sai rular ɗana da ke aji biyu a ƙaramar sakandare. Ya ce, "Baba, ai wannan lissafin da'ira ne, mun yi shi." Wai in ka san faɗin da'ira, wato layin da ya ratsa tsakiyarta daga gefe zuwa gefe, sai ka ninka shi da 22 bisa 7, kewayenta ya fito. Ya ɗauko tsohuwar hulata a ninke, kamar yadda nake ajiye ta, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya auna bakinta: inci 11. Ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya samu 34 da ɗoriya, ya cike ta 35 don kada ta matse ni. Har kai na shafa masa. Kuɗin makaranta a Legas ba wasa ba ne, ga shi yau na fara cin riba.

Da na faɗa wa maɗinki, sai waya ta yi tsit.

"Alhaji, 35 ka ce? Mu fa nan daga 21 zuwa 24 muka saba gani."

Na ce, "Malam, lissafin makaranta ne, ba ƙiyasi ba."

Ya ce, "To, kanka ne, kuɗinka ne. Amma zare zai ƙaru." Na biya har da na zaren.

Ana jibi biki saƙo ya iso kasuwar Mile 12 a hannun wani direban motar albasa. Na sha cunkoso a motar haya ta danfo na karɓo, leda na ta ƙamshin albasa. Aiki kam ya yi kyau, ba a magana. Na tsaya gaban madubi na ɗora. Ta wuce goshi, ta haɗiye kunnuwa, ta rufe idanu, sai hanci ne ya tare ta. Ina cikin duhu nake jin uwargida tana dariya har da zama a ƙasa, tana cewa, "Baban yara, kana ciki kuwa?"

Maƙwabcinmu, wani dattijon tela, ya leƙo jin hayaniya. Ya dubi tsohuwar hular, ya dubi rula, ya ce wa yaron, "Ɗana, hula in ta ninku, bakinta rabin zagayen kai ne. Sai ka ninka biyu kawai." 11 sau biyu, 22. Yaro ya dafe kai ya ce, "Ashe baka ce, wato yankin kewayen da'ira! Digiri 180 cikin 360, rabin kewaye ke nan." Nan take ya raba 22 da 22 bisa 7, faɗin kaina na gaskiya ya fito inci 7, daga tsakiya zuwa gefe uku da rabi. Ya kuma buɗe sabuwar ya auna faɗinta, 11 da 'yar ɗoriya, ya ce da murna, "Baba ka gani, lissafin bai yi ƙarya ba!" Na dube shi kawai.

Tsohuwar na kai wa mai wankin hula ya sa mata sitaci, da ita na je ɗaurin aure. Sabuwar kuwa uwargida ta ga ta dace da bakin kwanon tuwo.

Bayan biki maɗinki ya kira ya tambayi ko ta zauna daidai. Na ce ta zauna. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Don Allah Alhaji ka turo mana hotonka ta WhatsApp, yaran shago sun matsa sai sun ga kan."