Kula da maraya bai tsaya ga tuwo da kayan Sallah ba

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. 'Yan'uwa, yau da ku nake, ku matasan ƙauyukanmu da Allah Ya ba ku rabon karatu, ko na allo ko na boko.

Bara da kaka, a garinmu da ke ƙasar Ringim, wata baiwar Allah ta aiko ɗanta wurina da katin sakamakonsa na makaranta, in duba mata ko ya ci. Mijinta ya rasu shekara uku ke nan, ya bar ta da 'ya'ya biyar, da kaskon ƙosai take riƙe da su. Yaron yana aji biyar na firamare. Na buɗe littafinsa, rubutu tsaf, layi a kan layi, har na yaba. Sai na ɗora yatsa a kan wata jimla na ce, "To karanta min wannan da ka rubuta." Ya ƙura wa takardar ido, ya yi shiru, can sai na ga ƙwalla ta cika masa ido. Ya ce, "Malam, ni kwafa kawai na iya." Shekara biyar yana zana abin da aka rubuta a allon aji, bai san me yake zanawa ba.

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Yaron nan babu wanda ba ya tausayinsa a unguwa. Baffansa yana ɗinka masa kayan Sallah, naman layya yana isa gidansu, idan an fitar da zakkar gero ana kai musu damminsu. Allah Ya saka wa masu yi da alheri. Amma a cikinmu, har da ni da nake maƙwabcinsu, ba a sami mutum ɗaya da ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi me ya koya yau ba. Wannan tambayar uba ne ke yin ta, uban kuwa yana kabari, mu da muka raka gawarsa muka ce "ɗa na kowa ne" muka watse.

Imam Bukhari ya rawaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce shi da mai kula da maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna da yatsarsa manuniya da ta tsakiya. Kalmar da ta zo a hadisin ita ce kafilul yatim, wato wanda ya ɗauki nauyin marayan, ya tsaya masa a matsayin da mahaifinsa ya bari. Mahaifi kuwa ba ciyarwa kaɗai yake yi ba. Shi ke lura yaro ya fara fashin makaranta, shi ke ganin da wa yake yawo, shi ke gyara masa alwala. Wanda ba shi da ko sisi a aljihu zai iya ɗaukar wannan ɓangaren na kafala, kuma shi ne ɓangaren da aka fi bari a ƙasa.

Ku duba abin da ya faru bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira. Cikin fursunonin Ƙuraishawa akwai waɗanda suka iya rubutu amma ba su da dukiyar fansar kansu, sai aka sanya fansarsu ta zama koyar da yaran Madina rubutu, kowa yara goma. Musulmi suna cikin talauci a lokacin, suna buƙatar kowane dirhami, duk da haka aka auna koyar da yara goma da kuɗin fansar mutum. Malaman tarihi sun ambaci Zaidu ɗan Sabit cikin yaran da suka amfana. Zaidu maraya ne, an kashe mahaifinsa a yaƙin Bu'as tun yana ƙarami. Shi ne ya zama marubucin wahayi, shi ne kuma Sayyidina Abubakar ya damƙa wa aikin tattara Alƙur'ani. Duk lokacin da ka buɗe Mus'hafi, ka tuna akwai hannun wani maraya da aka zauna aka koya masa riƙe alƙalami.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, tun 2004 doka ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne a Najeriya, kuma ba za mu daina neman haƙƙinmu ba. Sai dai doka ba ta zama a tabarma da yaro. Ku leƙa ajin firamare a ƙauyukanmu ku ga malami ɗaya a gaban yaran da ko sunayensu ba zai iya riƙewa ba, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Damina ta faɗi, rabin ajin yana gona ko kiwo. Ranar kasuwa 'yan mata suna talla. Yaron da ya rasa makonnin da aka koyar da haɗa baƙi da wasali, haka za a yi ta tura shi aji na gaba da wannan ramin a ƙarƙashinsa. Ɗan mai hali akwai wa ko ya a gida da zai cike masa. Ɗan bazawara da ɗan wanda ya tafi ci-rani ba su da kowa.

Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Mu huɗu ne, biyu sun gama NCE suna jiran aiki, ɗaya gardi ne mahaddaci, sai ni. Muka je wurin mai unguwa muka roƙi zaurensa, muka je wurin liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Muka zaɓi yammacin Alhamis da Juma'a, lokacin da makarantar allo ke hutu, don kada a ce mun zo raba yara da Alƙur'ani. Ba mu tambayi yaro ajinsa ba, sai muka gwada kowa, wanda bai san baƙi ba gefe guda, wanda ya san baƙi bai iya haɗawa ba gefe guda. Da Hausa muka fara, ba, be, bi, bo, bu, domin yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ya biyo baya. Lissafi da tsakuwa da guntayen kara. Allonmu wani tsohon ƙyaure ne da aka shafe da gawayi. Gardin nan namu, da yake ya saba da biya wa ƙolo karatu ɗaya bayan ɗaya, ya fi mu duka haƙuri da yaro mai nauyin fahimta, mu da muke taƙama da takarda a wurinsa muka koyi wannan.

Nan da nan muka gane cewa ba za ka taimaki yaro ka bar gidansu ba. Akwai yarinyar da ta zo sau biyu ta daina. Da matata ta je gidan, uwar ta ce mata, "Yaya, in ba ta ɗauki farantin nan ba, da me za mu kwana?" Wa'azi ba ya amsa wannan tambayar. Matan unguwa ne suka amsa ta, suka ba uwar ɗaukar farko a adashensu, ta ƙara jari, tana sayar da kayan miya daga cikin gida, yarinyar ta dawo.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, kada ku ce wannan zancen maza ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana koyar da jajoji, wato mata jagororin karatu, ta naɗa musu malfa, su koma ƙauyuka su koyar da matan da ba za su iya zuwa wurinta ba. Ba baƙon abu muke kawowa ba, gadonmu ne. Ke da kika gama sakandare kina zaune a ɗakin aure, tsakar gidanki makaranta ce ga 'yan matan maƙwabta.

Amma a ji tsoron Allah a cikin aikin. Allah Ya ce a Suratul Baƙara kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Jera marayu a ɗauke su hoto da littafi a hannu a watsa a Facebook, wannan yana ƙona zuciyar uwa ko da ba ta faɗa ba. Kada ka mayar da yaran ma'aikatan gonarka don kana koya musu. A ajiye dorina, yaron da ya sha kunya shekara biyar ba duka yake buƙata ba, Allah Ya ce "fa ammal yatima fala taƙhar", wato kada ka ƙuntata wa maraya. A yi karatu a fili inda kowa ke gani, 'yan mata a hannun mata. Kuma kada ka fara da zafi ka ɓace bayan mako uku, domin yaron da aka saba bari yana lura da wanda ya daina zuwa. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Almajirin da ke yi maka wanke-wanke shi ma yana cikin lissafin nan, iyayensa suna nesa, kai ne kusa.

Yaron nan na farko, watan jiya uwarsa ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce, "Malam, yanzu shi ke rubuta min masu cin bashin ƙosai." Ta nuna min bayan wani kwali, sunaye shida da kuɗinsu, biyu da kuskuren baƙi, amma duk suna karantuwa. Ta yi ta sa albarka har muryarta ta sarƙe.

Yanzu yaran zauren sun fi ƙarfin mu huɗu, kuma ana neman mace ɗaya ko biyu da za su riƙe 'yan mata ranar Asabar da hantsi. Wanda yake nesa da mu, ya duba gida na uku ko na huɗu daga nasa, ya kira yaron gidan gobe bayan La'asar, ya buɗe littafinsa ya ce masa ya karanta. Allah Ya jiƙan iyayen da suka rigaye mu, Ya raya abin da suka bari, amin.