Wanda ya gaji da kwalba a Garwa, ƙofar wa zai buga?

A garin nan na Garwa, a arewacin Kamaru, in ka ce akwai Hausawa da Fulani musulmi da giya ta kama, sai a ce maka ai wannan harkar mutanen bil-bil ce, wato giyar gargajiya, mu ba ruwanmu. Wallahi wannan maganar tana cin 'yan uwanmu a ɓoye. Uwa ta san ɗanta na sha, matar gida ta san mijinta na sha, mai unguwa ma ya sani. Abin da muka rasa shi ne wurin da mutum zai nufa ranar da ya ce ya gaji, yana so ya bari.

Ku zauna wurin mai shayi da sassafe ku lura. Za ku ga magidanci da farar riga fes, an miƙa masa kofi, hannunsa na karkarwa har shayin na zuba a yatsunsa. Sai ya ajiye, ya zagaya bayan shago, ya yaga 'yar ledar wiski ta sefa 100 da haƙori, ya kwankwaɗe. Kafin ya dawo hannun ya tsaya cak. Ya jefa kanumfari ko goro a baki saboda wari. Wannan mutumin ya daɗe da wuce shan jin daɗi. Yana sha ne don jikinsa ya bar shi ya yi aiki. Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta ce an hana sayar da wiskin leda, ta ba kamfanoni wa'adin shekara 2, amma har yau duk kwatar da ka leƙa, daga Yalwa zuwa Domayo ta Marwa, za ka tarar da ledojin a zube.

Me muke yi wa irin wannan mutum? Mu zage shi, mu yi masa gori a gaban 'ya'yansa, mu ce a yi masa aure ko zai shiryu, mu sa shi ya rantse da Alƙur'ani. Ya rantse da gaskiyarsa, ya yi kwana uku, ya koma, sai ya ƙara wa kansa nauyin karya rantsuwa. Daga nan ya daina faɗa wa kowa komai.

Akwai abin da ya kamata kowane gida ya sani kafin a yi maganar taron masu neman daina sha. Wanda ya shekara yana sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya, jikinsa na iya tayar masa: karkarwa da gumi cikin yinin farko, wani ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu ko na uku wani ya fara gane-gane da sambatu. Mu sai mu ce iska ce ta taɓa shi. Wannan yanayin yana kisa, kuma asibiti na da maganinsa. Don Allah kada a kulle mutum a ɗaki a ce ya daure. A kai shi wurin likita, a faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha.

To amma likita zai sallame shi bayan 'yan kwanaki. Sauran rayuwar fa? Magariba za ta yi, abokan da ya saba zama da su suna nan inda ya bar su, bashi na nan, ɓacin ran gida na nan. A nan ne taron masu neman dainawa yake da amfani.

Asalin abin a Amurka ne. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio, wasu mashaya biyu, Bill Wilson mai harkar hannun jari da Bob Smith likitan tiyata, suka lura cewa in mashayi ya zauna da ɗan uwansa mashayi suka faɗa wa juna gaskiya, dukansu biyu sukan iya ƙetare ranar ba su sha ba. Daga nan aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda masu jin Faransanci ke kira Alcooliques Anonymes, a taƙaice AA. Tsarin zaman ba shi da wuya. A zauna kamar awa ɗaya, kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ko ma wani suna. Mai magana ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi. Wanda bai shirya magana ba ya saurara. Ba a biyan kuɗin shiga, sharaɗi ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Sabon shiga yakan samu wani da ya jima da bari, wanda zai iya kira ko da tsakar dare in sha'awar ta taso. Kuma ba a ce maka ka yi alƙawarin har abada, cewa ake yi ka riƙe yau ɗin nan kawai. Wannan ya fi min komai, domin na ga yadda rantsuwar "har abada" ke karya mutane.

Ba tatsuniya ba ce. A 2020 masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, sun tattara bincike 27 da suka shafi mutane fiye da 10,000, suka ga cewa wannan hanya ta kai sauran hanyoyin jinya, a wajen dainawa gaba ɗaya ma takan fi su.

Ta ina za a fara nema? A nan gida, tambayi likita ko ma'aikacin jinya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin yanki, ko ofishin jin daɗin jama'a, su suka fi sanin wanda ke haɗa irin wannan zama. 'Yan uwanmu na Njamena suna da Croix Bleue, reshen ƙungiyar da wani fasto ya kafa a Janiba ta ƙasar Suwizalan a 1877, tana aikin yaƙi da shaye-shaye a Cadi. A waya kuwa, tun lokacin korona a 2020 tarukan AA suka cika Zoom, dare da rana. Rubuta "Alcooliques Anonymes réunion en ligne" a Google, za ka ga jadawalin na Faransanci; akwai kuma shafin Online Intergroup na AA da ke jera taruka bisa harshe. Agogonmu ɗaya da na Faransa lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gabanmu da awa ɗaya, a kula da wannan. Kashe kyamara, sa abin kunne, canza sunan da ke fitowa a allo. Data ma ta fi auki a haka. Matan da ke zaune da mashaya, da iyaye, ku ma kuna da naku, sunansa Al-Anon, tun 1951 yake.

Hattara da guruf ɗin WhatsApp da ba ka san wanda ya buɗe ba, domin kowa na ganin lambarka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista ko ka sayi wani garin magani, rabu da shi.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: ai abin Nasara ne, kuma musulmi ba ya tona asirin kansa. Ban raina wannan damuwar ba. Gaskiya ne tarukan da yawa a harabar coci ake yin su, wasu ma sukan rufe da addu'ar Kirista. Shi ya sa musulmi a Baltimore ta Amurka suka kafa Millati Islami a 1989, suka ɗora matakai 12 na dainawa da AA ke bi a kan Alƙur'ani da Sunna. Batun tona asiri kuwa, ni ba malami ba ne, amma a ganina mai alfahari da saɓo daban, wanda ya zo da hawaye yana cewa ku riƙe ni kada in koma daban. Malamanmu sun karantar da mu cewa haramcin giya mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Sun kuma karantar da mu hadisin Bukhari na sahabin da ake ta kawowa saboda sha, wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu yau korar muka riƙe.

Damuwata babba ita ce harshe. Mai ɗaukar kaya a babbar kasuwa, ko yaron da ke haya da babur, da wane Faransancin zai faɗi abin da ke cin ransa ga Bature a Zoom? Ciwo irin wannan da Hausa ko Fulatanci yake fitowa. A ƙa'idar AA kanta, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina sun isa su zama ƙungiya. Ke nan ba sai mun jira wani ya zo daga Yawunde ba. Abin da ake buƙata ɗaki ne da shigarsa ba za ta ja ido ba, lokaci tsayayye sau ɗaya ko biyu a mako, da mutanen da abin ya shafa su kaɗai, ban da 'yan kallo, ban da ɗaukar hoto, ban da mai zuwa yin nasiha. Wanda ya kai labarin wani waje, ya kashe zaman gaba ɗaya.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a, Allah ya ƙara muku lafiya: ranar da za ku yi huɗuba kan giya, bayan kun faɗi haramcinta, ku ƙara da cewa wanda ta kama kuma yake son fita ya same ku a keɓe, asirinsa a rufe. Ku nemi lambar likita ɗaya da kuka amince da shi ku ajiye. Ku kuma duba cikin almajiranku manya, na tabbata akwai wanda ya taɓa sha ya bari shekaru da yawa. Ku tambaye shi a asirce ko zai yarda a riƙa turo masa masu neman dainawa.