Matar da ta zaɓi zaman gida, da masu yabonta da baki

Kwana biyun nan ana ta cacar baki a Facebook kan macen da ta yi karatu sannan ta ce ita a ɗakinta za ta zauna. Wasu sun ce ta yi asarar boko. Wasu kuma, yawancinsu maza, sun samu sandar dukan mata ma'aikata. Ni ba wanda ya burge ni a cikinsu.

Masu cewa asara, ku zo ƙauyukanmu na ƙasar Ringim ku kwana. Tun assalatu uwar gida ta hura wuta. Surfe, bakace, aika niƙa, tankaɗe, ga tuwon gida guda, ga goyo a baya. Idan mai daddawa ce, kalwa kwana take a wuta, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki kafin ta yi. Mai ƙuli-ƙuli ta soya gyaɗa, ta murje, ta matse mai har kafaɗa ta riƙe. Awakin da ake korawa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, da yawansu na matan da ba su taɓa taka kasuwar ba ne. Da kuɗin nan ake zubin adashi, a tara kayan ɗakin 'ya, a rufa wa maigida asiri lokacin bazara idan rumbu ya yi ƙasa. Ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na hidimar gida da reno da ba a biya, mata ke yin ta.

Kuma kada a raina kitso da lalle da turaren wuta, ko iya tarbar baƙo da sanin yadda ake magana da suruka. Ilimi ne da ake koya a gindin murhu, wadda ba ta samu ba ta san ta rasa. Ba kuma duk abin da kakanni suka bari ne abin riƙo ba: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciyar gadon wuta.

To, ku kuma 'yan uwana maza masu tafi. Malam, ka ce mace ta gari gida take zama, mun ji. Ina cefane? Ci da sha da sutura da wurin kwana Shari'a a wuyanka ta ɗora su, abin da ta samu a sana'arta kuma nata ne, ba kuɗin takinka ba. Mutum zai jefa mudun gero ya fice majalisa, ba kuɗin niƙa, ba na miya, ba itace, ya dawo da dare yana neman tuwo da man shanu. Wa ya cike giɓin? Yarinyar da aka ɗora wa farantin talla tun hantsi, sa'o'inta na aji. Zaman uwar a gida, ƙafar 'yarta ce ke biyansa.

Sannan zaɓi sai ga wadda aka ba dama. Yarinyar da aka cire daga ƙaramar sakandare ba a tambaye ta ba, kada a ce ta zaɓa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matar aure ce mai 'ya'ya, amma ta naɗa mata malamai da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, abin da aka sani da 'Yan Taru. Kuma mai hana tasa 'yar karatu, ranar da matarsa ke naƙuda shi ne kan gaba wajen cewa sai ma'aikaciya mace.

Abin da ke ci mini rai shi ne ranar da ba a fata. Idan miji ya faɗi ya mutu ya bar 'ya'ya, bayan takabar wata huɗu da kwana goma, rabonta tumuni ne, idan da kishiyoyi kuma tumunin nan za su raba. Idan saki ne, ta kwashe kwanukanta. Saboda haka duk ƙanwata da ta ce mini gida za ta zauna, nakan ce Allah ya sa albarka, sannan in tambaye ta awaki nawa gare ta, wace sana'a ke hannunta, kuma asusun da kuɗin ke shiga da sunan wa aka buɗe shi.