Daren Da Na Haye Wata

Ni tela ne, shagona yana Fagge, kuma Turancina a gidan kallon ƙwallo na tsince shi. A can na lura duk ɗan wasan Ingila da aka tara wa makirfo bayan sun ci wasa, sai ya ce "I'm over the moon". Na tambayi ƙanwata Zainab da ke karanta Turanci a jami'a, me ya haɗa ƙwallo da wata. Ta ce, "Yaya, murna ce ta kai maƙura, wai don daɗi mutum ya daka tsalle ya tsallake wata."

Daga tambaya ɗaya sai ta buɗe mini aji a tsakar gida. A cewarta farin cikin Bature hawa-hawa ne. "Happy" da "glad" su ne na ƙasa, murnar an kawo wuta ke nan. "Delighted" ta masu kwat ce, ita ake sawa a takardar ofis da katin gayyata. "Thrilled" sai murnar ta zo da bugun zuciya. "Elated" kuwa ta 'yan jarida ce, da wuya ka ji ta a bakin mai hira. Can ƙoli akwai "ecstatic", amma ta ja mini kunne cewa tushenta ɗaya da "ecstasy", wadda kuma sunan wata ƙwaya ce da hukumar NDLEA ke kama mutane a kanta. Nan take na sallame ta.

Sai ta shiga masu ado. "Chuffed" ta mutanen Birtaniya ce, Ba'amurke ma sai ya nemi ƙarin bayani. "Tickled pink", wai an yi maka cakulkuli har ka koma ruwan hoda. Na dubi fatar hannuna, na ce ko shekara za a yi ana yi mini cakulkuli ba za a ga wannan launi ba. "On cloud nine" hawa gajimare na tara ne, ban dai ji abin da sauran takwas ɗin suka yi aka tsallake su ba. Da ta zo kan "in seventh heaven" na ce ta dakata, sama ta bakwai ba wurin wasa ba ce ga wanda ya san labarin Mi'iraji. Na riƙe watana, na adana shi sai ranar da ta dace.

Ranar ta zo a 29 ga Ramadan. Ana gama shan ruwa maiɗakina ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Ina tsaye a barandar asibiti hannuna na rawa, na rubuta a zauren danginmu na WhatsApp: "Alhamdulillah! I am over the moon!" Na ƙawata shi da ɗan hoton jinjirin wata, na tura hoton jariri a bayansa. Rubutu ya tafi, hoton jariri ya tsaya yana ta juyi saboda rashin sabis.

Kawu Bala ne ya fara gani. Tsohon masinja ne da ya yi aiki da Turawa, kuma ba ya yarda a fassara masa komai. Ya san "moon" wata ne, ya san "over" ƙarewa ce, ga hamdala, ga hoton jinjiri. Lissafi ya fita: wata ya ƙare. Ya naɗi murya ya watsa, "Jama'a, ɗanmu Sani ya ga wata da idonsa, gobe Salla!"

Ban san wainar da ake toyawa ba sai da wayata ta fara ruri. Na farko ladanin unguwarmu ne, ko barka bai yi mini ba. "Malam Sani, a ina ka gan shi? Da ƙarfe nawa? Ina ƙahonsa ya fuskanta? Su wa ke tare da kai?" Na ce a ɗakin haihuwa na gan shi, kilo uku da rabi, kuma ba shi da ƙaho. Ya yi shiru, sannan ya kashe wayar.

Na biyu yaron shagona ne, muryarsa na rawa. "Oga, ka zo, shago ya cika." Duk wanda ya san tela a goman ƙarshe ya san "gobe ka dawo" ita ce jarinmu. To ga shi ni da kaina na soke goben. Na iske mutane har bakin titi. Wani Alhaji ya zaƙulo shaddarsa daga ƙarƙashin tebur, tana nan a ledarta ko almakashi bai taɓa ta ba, alhali tun farkon azumi nake ce masa saura aikin wuya. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa jama'a. "Kai da ka ga wata, ina kayan da zan sa in je idi?"

Ana cikin haka rediyo ta kawo sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato: ba a ga wata ba, a cika azumi talatin. A daidai lokacin ne kuma hoton jariri ya ga damar isa zaure.

Na kira Kawu na yi masa bayani dalla-dalla, har na haɗa shi da Zainab ta tabbatar masa Turancina ba shi da aibu. Ya ce, "Kai Sani, tun 1969 da aka ce Amurkawa sun taka wata ban gama yarda ba, sai kai daga Fagge za ka haye shi? In an yi maka haihuwa ka ce an yi maka haihuwa."

Gwaggo Asabe kuwa tuni ta sa an yanka kajin Sallarta, ga zafi, ga ba wuta balle firji. Ta aiko mini da su a fige da lissafin kuɗinsu a rubuce. A kan keken ɗinki na yi sahur da cinya ɗaya, Alhaji na zaune a kan benci yana gadin shaddarsa, shi ma ya ci biyu.