Tsohuwar zuma a kasuwar Amurka

Ranar Litinin 30 ga Disamba 2024 na shiga ofis ina taku ɗai-ɗai kamar ango. A daren jiyanta, a gasar ƙwallon Amurka, Zach Ertz ya cafe ƙwallon da ta ba Washington Commanders nasara a kan Atlanta Falcons, 30 da 24, a ƙarin lokaci, kuma wannan cafkar ce ta ba ni tazarar da babu mai kamo ni a wasan ƙarshe na gasar fantasi ta ofishinmu. Kofin na roba ne da aka fesa wa ruwan gwal, tsawonsa bai wuce kwalbar lemo ba, amma shekara uku ina haƙonsa.

Ban ko ajiye jaka ba sai ga yaron da na doke, ɗan shekara 26, sa'an ɗana na fari. Ya dafa kafaɗata, ya kira sunana gatsal kamar yadda suka saba, ya yi mini barka. Sai ya ƙara da shawara: baɗi kada in kuskura in sake ɗaukar tsohon nan Ertz, ya cika 34, an tatse abin da ya rage a jikinsa. Ko awa goma sha biyu ba a yi ba da mutumin ya kai ƙungiyarsa zagayen fitar da gwani. Na yi dariyar yaƙe, na wuce teburina. Har aka tashi ban taɓuka abin kirki ba.

Sai na ɗan yi bayani, don na san yawancinku abin da kuka sani game da ƙwallon Amurka shi ne wasu ƙarti masu hular kwano suna ture juna. Ni ma haka na ɗauka shekaruna goma na farko a Maryland. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, ƙwallon kuma mai tsini biyu ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma gaba. In ta ci, a sabunta mata, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shigar da ita gidan ƙarshe ya ci tacdawun, maki shida. Mai jefa ƙwallon shi ne kwatabak, shi ne limamin tafiya. Shi kuma gurbin da Ertz yake bugawa, tayit end, aikin mutum biyu ne a wuyan mutum ɗaya. Yana tsayawa a ƙarshen layin ƙartin da ke kare kwatabak. Wani lokaci ya zama katanga, ya tare mutum mai nauyin buhun masara da ɗori. Wani lokaci ya zame ya shiga tsakiyar fili, inda duka ya fi yawa, ya cafe ƙwallo yana sane da cewa wani na zuwa ya banke shi ta baya. Gwiwa ba ta daɗewa a wannan aiki.

Fantasi kuwa, masu yin na Firimiya a waya sun san ƙashin bayansa, sai dai na nan ya fi zafi. Mu goma sha biyu ne a ofis. Ƙarshen watan Agusta ake zama a zaɓi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda wani ya ɗauka ya haramta ga saura, ba kamar na Firimiya da kowa ke iya sa Salah ba. Duk cafka maki ɗaya, duk yadi goma maki ɗaya, tacdawun shida. Tarewar da tayit end zai yi ya ceci kwatabak daga karaya ba ta da maki ko ɗaya, ku riƙe wannan. Akwai gidajen rediyo da shirye-shiryen talabijin da ba su da aiki sai faɗa wa mutane wa za su ɗauka, wa za su yar. Da safiyar Lahadi za ka ga magidanci a layin biyan kuɗi na kanti, madarar jarirai a hannu ɗaya, waya a ɗaya, yana duba ko cinyar wani saurayi a Cincinnati ta warke. Tun shigata na gaya musu ba na caca, shi ya sa namu babu kuɗi: na ɗaya ya ɗauki kofi, na ƙarshe ya sayi abincin rana. Sun yarda ba gardama, wannan kam na yaba musu.

To, a watan Maris 2024 Washington ta ɗauki Ertz, kwantiragin shekara guda. Wannan mutum ba ƙaramin alhaki ba ne. Tun 2013 yake Philadelphia Eagles, shi ya ci tacdawun ɗin da ya sa su gaba a ƙarshen Super Bowl, wato wasan cin kofin gasar, na Fabrairu 2018 da suka doke New England Patriots 41 da 33, kofinsu na farko. A kakar 2018 ya cafe ƙwallo 116, adadin da babu tayit end da ya taɓa kaiwa kafin shi. A 2021 suka tura shi Arizona. A 2022 jijiyar gwiwarsa ta tsinke. A ƙarshen 2023 ya rabu da Arizona, ya ɗan raɓa da Detroit bai buga ko wasa ɗaya ba. Matarsa, Julie Ertz, ita ce ta ci Kofin Duniya na mata sau biyu da Amurka, 2015 da 2019, wato a gidan akwai mai buga ƙwallo ta gaskiya.

Ranar da labarin ya fito, zauren hirarmu na waya ya cika da dariya. Suna da wata kalma da suke jifan ɗan wasa da ita in ya manyanta, ma'anarta kamar rigar da aka yi ta wankewa har ta koɗe. Ita aka yi ta maimaitawa. Da watan Afrilu ya zo ƙungiyar ta zaɓi wani matashin tayit end, Ben Sinnott, a zagaye na biyu, sai suka ce shi ke nan, an kawo tsoho ne ya ɗumama wa yaro kujera. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa mai tsara hare-haren ƙungiyar a lokacin, Kliff Kingsbury, shi ne kocin Ertz a Arizona, ya san abin da ya saya. Babu wanda ya yi tunanin cewa kwatabak ɗin, Jayden Daniels, sabon shiga ne fil, kuma yaron da aka jefa cikin manya, in wuta ta yi wuta, dattijon da ya san inda zai tsaya yake nema. Wannan ba ilimin kwamfuta ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani ya san gidan wa ake fara sauka.

Ranar zaɓenmu na ofis na bar Ertz har can ƙarshe, don na san babu mai taɓa shi, sannan na kira sunansa. Aka yi shewa. Wani ya ce tsofaffi sun gane juna. Na ce da su a garinmu da tsohuwar zuma ake magani, na yi ƙoƙarin fassarawa, abin ya fito salam babu gishiri, suka gyaɗa kai irin na ladabin da ya fi zagi ciwo.

Kaka ta ƙare Ertz yana da cafka 66, yadi 654, tacdawun 7. Yaron da aka ce zai ƙwace gurbin da ƙyar aka ga ƙeyarsa. Ƙungiyar da ta ci wasa 4 kacal a 2023 ta ci 12, ta kai wasan ƙarshe na ɓangarenta na gasar, wanda daga shi sai Super Bowl, karon farko tun kakar 1991. Can ta gamu da tsohon gidan Ertz, Philadelphia, aka yi musu dukan kawo wuƙa 55 da 23, amma shi ya cafe 11 ya wuce yadi ɗari. Duk wannan bai sa yaron ofishinmu ya janye shawararsa ta in yar da shi ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan. A watan Maris sun raina shi saboda lissafi, a Disamba sun yabe shi saboda lissafi, ba a wayi gari ba sun sake yar da shi saboda lissafi. Ko a yabon ma ba mutumin suke gani ba. Fantasi bai ƙirƙiri wannan hali ba, ya dai fito da shi fili ya sa masa lamba. Maɓallin sakin ɗan wasa yana nan a waya, ka danna da babban yatsa kana cin abinci, mutumin da ya ba ka maki wata huɗu ya ɓace, ko sallama babu. Ƙungiyoyin ma haka suke yi da su, don yawancin kwantiragin gasar ba duka kuɗin ke da tabbas ba, ana iya sallamar mutum da tsakar rana ya kwashe kayansa a leda.

Ku kwatanta da Rabiu Ali na Kano Pillars, wanda ake wa laƙabi da Pele, a Ƙofar Mata. Ba sai na gaya muku komai ba. Ya haura arba'in, kuma in ya tsaya kan bugun tazara filin gaba ɗaya ya san abin da ake jira. Wa zai miƙe a cikin 'yan Sai Masu Gida ya ce a yar da Pele don shekaru? Ya fita da ƙafafunsa? Da aka faɗa ƙaramin rukuni a 2022 ba a ce tsofaffi ne suka jawo a watsar da su ba. Da Ahmed Musa ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, ba tambayar maki nawa zai kawo aka fara yi ba, ɗa ne ya dawo gida. Mu muna tuna abin da mutum ya yi mana shekara goma baya, mu ci gaba da biyansa da girmamawa ko da ƙafa ta yi nauyi.

Na san abin da za ku ce, ƙanena ma ya riga ku faɗa a waya. Ya ce Yaya, girmamawar ce ake ci? Gaskiya ne, Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a nan Amurka a 1994, ya rasu a 2012 cikin yanayin da har yau in an tuna sai an sunkuyar da kai. Gidajen da aka yi wa 'yan wasan 1994 alkawari sai a 2021 aka amince a bayar, bayan wasu sun kwanta dama. A nan kuwa ɗan wasan da ya cika kaka uku yana da fansho, kuma ba sai ya je ya yini a rana ana tantance ko yana raye ba. Ertz ya tara abin da jikokinsa ba za su cinye ba. Na yarda da duk wannan. Amma wannan laifin hukuma ne, ba na jama'a ba. Hukuma ana iya gyara ta da doka. Yaron da zai dafa kafaɗar sa'an ubansa ya ce masa tsofaffi sun gane juna, wace doka za ta gyara shi?

Ƙanen nawa ya yi shiru, sannan ya ce, Yaya, anya maganar ƙwallo kake yi?

Shekarata 54. A sashenmu ni ne babba da tazarar shekara goma sha ɗaya. Duk wata uku ana zaunar da ni gaban allo a nuna mini jadawalin aikina da launuka, kore da ruwan ɗorawa da ja, kuma mai nuna mini ɗin ba a haife ta ba lokacin da na gama hidimar ƙasa. Ba ta da laifi, tana da kirki ma, har tambayata take yi ya azumi. Amma jadawalin ba ya ɗaukar ranar da na zauna da sabon yaro har tara na dare don kada ya ɓata aikin da zai sa a kore shi. Wannan tarewa ce, ba ta da maki. A bara an sallami mutum biyu da muka fara aiki tare, ta kiran bidiyo na minti goma, kafin su ajiye waya an rufe musu akwatin saƙo. Ranar babu wanda ya ambaci sunansu a wurin shan kofi. Ni ma ban ambata ba, kuma wannan ya fi damuna.

Mahaifinmu ya bar aikin jirgin ƙasa babu abin a zo a gani, fanshonsa ma sai an yi watanni ba ta zo ba. Amma har ya rasu ba a ɗaura aure a layinmu ba a jira shi ba. In ya fito da yamma aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida, masu wucewa a kan babur sai sun rage gudu sun ɗaga hannu, wasu su sauka su durƙusa. Ban je jana'izarsa ba. Takarduna ba su fito ba a lokacin, in na fita ba ni da hanyar dawowa, aka ce mini in yi haƙuri in yi masa addu'a daga nan. Na yi lissafi, na zauna. Ni ma na iya lissafin ashe.

Ɗana, wanda aka haifa a nan, shi ya koya mini wasan nan tun farko, da shi muke kallo ranar Lahadi. Daren wasan Atlanta, da Ertz ya faɗi da ƙwallo a gidan ƙarshe, na yi tsalle har na zubar da shayi, shi kuma yana ta dariya yana cewa Baba ka ga tsohonka. Da na ba shi labarin abin da yaron ofis ya ce, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai gaskiya ya faɗa, a lissafi haka ne. Na dube shi, hancin mahaifina ne sak a fuskarsa. Na ce ya tashi ya kawo tsumma ya goge shayin.

Filin da na saya a Kano shekara tara ke nan, an zagaye shi da katanga, an sa ƙofa, an tsaya. Duk shekara ina cewa baɗi. Jiya na sake kiran ƙanena na ce ya nemo mai gini ya yi mana kiyasin ɗaki uku da zaure, zauren ya zama mai faɗi, ya kalli titi. Ya ce Yaya ka faɗi haka bara. Na ce ya dai nemo shi. A watan Maris 2025 Washington suka sake ba Ertz shekara guda, kuma da yake ni ne zakara, ni ke da zaɓen ƙarshe a zagayen farko a watan Agustan shekarar. Na riga na gaya musu kada wanda ya taɓa mini tsohona.